oTree: Manhajar Gwada Fushi da Haɗin Kai a Wasan Asusun Gama-gari

Duk mai son gwada yadda fushi ke juya haɗin kan mutane a wasan asusun gama-gari, wato gwajin da mahalarta ke zaɓar zuba makinsu a asusun kowa ko su riƙe, da manhajar oTree ya kamata ya fara. Kyauta ce, da harshen rubuta manhaja na Python ake rubuta wasan, mahalarta kuma ta burauza suke shiga, ko waya ta wadatar. A nan ta sha gaban takwararta z-Tree, wadda aka gina domin kwamfutocin Windows na ɗakin gwaji.

Tsarin wasan da masana tattalin arziki Fehr da Gächter suka yi a 2002 yana zama a kanta ba wuya. Mutum 4 a rukuni, kowa da maki 20. Duk maki ɗaya da aka zuba a asusu, kowa zai samu 0.4. Wanda ya riƙe nasa shi ne da riba, amma in kowa ya zuba duka, kowa zai tashi da 32. Sai shafin hukunci: ka kashe maki 1, a zabge wa mai cin gumin wasu maki 3. Mutane suna biya don su hukunta, ko da ba za su sake haɗuwa da mutumin ba, kuma fushi ne ke tura su.

Inda manhajar ke ba da ciwon kai shi ne shafin jira, inda 'yan rukuni ke jiran juna kafin a ci gaba. Mutum ɗaya ya rufe burauzarsa, sauran ukun sun maƙale. Wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce ga mai auna fushi, domin wanda ya gaji da jira ransa a ɓace yake tun kafin ya ga abin da aka zuba. A sa wa kowane shafin yanke shawara timeout_seconds, wato wa'adin da shafin zai wuce da kansa in ba a amsa ba, a kuma yi alama a bayanan cewa na'ura ce ta cike gurbin, kada a lissafa shi a matsayin rowa.

Shafin tambayar "yaya fushinka, daga 1 zuwa 7?" kuwa, a sa shi bayan hukunci. Masu bincike Xiao da Houser sun nuna a 2005 cewa wanda aka ba damar amayar da abin da ke ransa a rubuce yakan rage hukunci. oTree ba za ta yi maka kashedi a kan wannan ba, yadda ka jera shafuka haka za ta bi.

Wanda bai iya Python ba zai sha wahala da farko, ya nemi mai kama masa.