Wane Littafin Lissafin Taurari Ya Kamata Ɗalibin Tuƙin Jirgin Ruwa Ya Saya?

Yaranmu na Agege da Idi-Araba da suka shiga karatun tuƙin jirgin ruwa sukan yi mamaki idan aka ce sai sun iya gano inda jirgi yake ta hanyar rana da taurari, alhali kowane babban jirgi da ke Apapa yana da GPS. Yarjejeniyar STCW ta 1978 kan horar da ma'aikatan jirgin ruwa, wadda NIMASA, hukumar kula da sufurin teku ta Najeriya, ke bi wajen ba da takardar ƙwarewa, ba ta ɗauke wa jami'in tuƙi wannan ilimi ba. Abin da ya rage shi ne sanin littafin da ya cancanci kuɗin ɗalibi.

Duk littattafan aiki ɗaya suke yi, wato tsarin da sojan ruwan Faransa Marcq Saint-Hilaire ya fitar a 1875. Mutum zai ƙaddara wani wuri kusa da inda yake zaton jirgi yake, ya lissafa tsayin da tauraro zai yi a sama daga wannan wuri, sannan ya gwada da abin da na'urar sekstan ta auna masa. Kowane minti ɗaya na bambanci, wato kashi ɗaya cikin sittin na digiri, mil ɗaya ne na teku, wato mita 1852.

A ganina, wanda zai sayi littafi ɗaya tak ya sayi juzu'i na biyu na jadawalin Amurka mai lamba 249. Don matuƙan jirgin sama aka tsara shi, shi ya sa yake da sauri, kuma amsarsa ba ta wuce cikakken minti ba. Juzu'in ya ɗauki latitud, wato nisan wuri daga layin da ya raba duniya biyu, daga digiri 0 zuwa 40, arewa da kudu, don haka daga Legas, wadda ke kusan digiri 6 a arewa, zai raka mutum har Lisbon ko Kef Tawun ba tare da ya nemi wani ba. Rana da wata da gamzaki duk suna cikinsa, sai dai taurarin da suka karkata fiye da digiri 29 arewa ko kudu daga layin da ya raba sama biyu ba sa ciki. Wannan gibi juzu'i na ɗaya ne ke rage shi, domin yana zaɓa wa mutum taurari bakwai da suka dace da kowane lokaci, amma ana sabunta shi duk shekara biyar, don haka mai sayen na hannu ya duba shekarar da ke bangonsa.

Jadawali mai lamba 229 ya fi shi daidaito, domin yana kai amsa har kashi ɗaya cikin goma na minti. Juzu'i shida ne masu nauyi, kowanne da yankinsa na digiri 15. Na farko zai kai mutum Dakar da ƙyar, mai zuwa Rotadam kuwa sai ya buɗe har na huɗu. Wanda ya taɓa neman inda sama ta haɗu da ruwa a cikin hazon hunturu, jirgi na tangaɗi, ya san kuskuren idonsa ya ninka wannan daidaito sau da yawa. Littafin ɗakin tuƙi ne, ba na jakar ɗalibi ba. Hukumar taswira ta NGA ta Amurka ta sa shi da 249 kyauta a intanet, ana iya buga shafukan da ake bukata kawai.

Akwai ƙananan hanyoyi ga mai haƙuri. Ta Ageton, sojan ruwan Amurka, wadda ta fito a 1931, siririn littafi ce mai aiki ko'ina a duniya, amma tarawa da ɗebewarta suna da yawa, kuma a nan gajiyayyen mutum ke tuntuɓe. Taƙaitaccen jadawalin da ke ƙarshen almanak na teku, littafin shekara-shekara mai nuna inda rana da taurari suke a kowane lokaci, shi ma haka yake, sai an shiga shi sau biyu kafin amsa ta fito, sai dai ba a biya masa ko kwabo daban.

Kalkuleta mai lissafin kusurwa na sayin da kosayin tana warware lissafin cikin layi ɗaya, kuma ta fi kowane jadawali araha, muddin batirinta da rai kuma an saita ta a kan digiri. Ko wace hanya aka ɗauka, ba ta aiki sai da almanak na shekarar da ake ciki da agogo mai gaskiya, domin kuskuren daƙiƙa huɗu a sararin tekunmu kusan mil ɗaya ne gabas ko yamma.