Ubuntu LTS, ta wata shida, ko Debian: wacce za a zuba wa kwamfutocin Tawa?

Assalamu alaikum. Malaminmu na Tawa ya kawo tambaya a zauren nan: yana da ɗakin koyar da kwamfuta, na'urori goma sha biyu, akasarinsu tsofaffi. Tun da Microsoft ta janye kulawa daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 yake son komawa Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. Ya ga Ubuntu, ɗaya daga cikin ire-iren Linux, iri biyu, wata da LTS a gaban lambarta, wata babu amma lambarta ta fi girma, sannan wani ya ce masa ya bar su duka ya ɗauki Debian, wata Linux ɗin daban. Wacce zai ɗauka?

Malam, amsata a taƙaice ita ce LTS. Amma bari in jera maka su ka ga dalili, don gobe ka iya yanke hukunci da kanka ko babu kowa kusa.

Lambar Ubuntu kwanan wata ce kawai. 24.04 na nufin Afrilu 2024, 24.10 na nufin Oktoba 2024. Haka suke yi tun sigar farko, 4.10, ta Oktoba 2004. Kamfanin Canonical na fitar da sabuwa kowane wata shida, amma ta Afrilu a shekarun 2022, 2024, 2026, haka bi da bi duk bayan shekara biyu, ita ce LTS, mai kulawar shekara biyar. Sauran ukun da ke tsakani wata tara kacal ake kula da su. Dubi abin da ya faru: 24.10 ta fito bayan 24.04 da wata shida, ta fi ta lamba, amma an rufe kulawarta a Yuli 2025, ita kuwa yayarta tana nan har 2029. Wanda ya bi girman lamba ya ɗauki wadda za ta riga mutuwa.

Kuma mutuwar manhaja ba ta zuwa da ƙara. Kwamfuta za ta tashi da safe kamar kullum, ɗalibai su buɗe LibreOffice su yi ta bugu. Abin da ya tsaya shi ne gyaran ramukan tsaro da ake ganowa kullum. Kamar maganin da kwanansa ya wuce ne: kwalin lafiya lau, ƙwayar fara tas, sai wanda ya juya ya karanta ranar ne ya san halin da ake ciki. Daga baya kuma a kwashe ma'ajiyar manhajojinta daga inda take, ka zo girka wani abu ƙarami, ta dinga jero maka kuskure.

Yanzu mu auna da halinmu na nan. In ka bi layin wata shida, dole ka hau sabuwar siga sau biyu a shekara, kuma tsakanin fitowar sabuwa da mutuwar taka wata uku ne kawai. Cikin shekara biyar hawa goma ke nan, a kwamfuta goma sha biyu ya zama 120. Kowane hawa yana cin intanet mai yawa, kai kuwa ka san kuɗin forfe, ka san yadda rezo ke yi da rana tsaka. Ga kuran. Abin da na fi tsoro ke nan, domin in wuta ta ɗauke ana tsakiyar hawa, a watan Afrilu ko Mayu da zafi ya kai maƙura kuma yankewa ta yawaita, za ka iya samun kwamfuta rabi tsohuwa rabi sabuwa, ta tsaya a baƙin allo da ƴan rubuce-rubuce. Ana gyarawa, amma yini ne guda na mutumin da ya kamata yana gaban aji. Da LTS, cikin waɗannan shekaru biyar ba a tilasta maka hawa ko sau ɗaya. Ƙananan mizajur, wato sabunta manhaja, kawai za ka riƙa yi, su kuwa ba su da nauyi.

To me mai bin ta wata shida yake samu? Sababbin abubuwa da wuri, da dacewa da na'urar da ta fito jiya. Wannan riba ce ta gaske ga mai rubuta manhaja, ko ɗalibin jami'a da ke son ganin inda ake dosa, a kan kwamfutarsa shi kaɗai. Fedora ma, wata irin Linux, haka take, kowace siga kusan wata goma sha uku. Ban raina su ba. Amma ɗan da ke koyon jera lissafi a tebur da tsara wasiƙa bai rasa komai ba don manhajarsa ta shekara biyu.

Wani zai ce tsohuwar siga ai ta fi rauni. A nan mutane da yawa ke ruɗewa. Masu kula da LTS da Debian ba sa kawo maka sabuwar manhaja dungum, sai su ciro gyaran tsaron kaɗai su ɗinka shi a jikin tsohuwar. Lambar tana nan yadda take, ramin kuwa an toshe. Wani lokaci ma jinkirin ne ke ceto. A Maris 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya gano an dasa ƙofar ɓoye ta kutse cikin xz, wata manhajar matse fayiloli, sigar 5.6.0 da 5.6.1. Ta riga ta shiga layukan gwaji na Debian da Fedora, amma ba ta kai ga Debian tsayayya ko Ubuntu LTS da mutane ke aiki da su ba.

Sai Debian da Ubuntu LTS, gefe da gefe. Ubuntu daga jikin Debian aka cire ta, don haka ƴan gida ɗaya ne. Bambancin yana wajen alkawari. Ubuntu kamfani ne ke bayanta, ranar fitowarta sananniya ce tun kafin a fara aikin. Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, ta ƴan sa-kai ce, tana fitowa in ta nuna, kusan duk shekara biyu: ta 12 a Yuni 2023, ta 13 a Agusta 2025. Kulawarta shekara uku ce cikakkiya, sannan wata ƙungiya ta ɗora biyu, ya zama biyar. A lissafi kunnen doki ne.

Amma biyar ɗin Ubuntu tana da sharaɗi, kuma shi ne ya fi shafarka. Alkawarin ya rufe sashen manhajojin da Canonical ke riƙe da kanta ne, wanda suke kira main. Dubban da ke cikin universe jama'a ke kula da su gwargwadon iko, sai in ka shiga Ubuntu Pro, wadda ke kai kulawa shekara goma, kyauta ga kwamfuta biyar na amfanin kai, sama da haka a biya. Abu na biyu: tunda na'urorinka tsofaffi ne, da wuya Ubuntu ta ainihi ta yi musu sauƙi, za ka karkata ga Xubuntu ko Lubuntu, ire-iren Ubuntu marasa nauyi. To su LTS ɗinsu shekara uku ce, ba biyar ba. Na ga mutane da dama sun girka Lubuntu suna lissafin biyar. Linux Mint, wadda aka gina kan Ubuntu LTS, tana ba da biyar ɗin har da sigarta mai sauƙi ta Xfce: jerin 21 zuwa 2027, jerin 22 zuwa 2029. Ga wanda hannunsa ya saba da Windows kuma, fuskarta ba ta ba da tsoro.

In akwai masu tsohuwar ƙirar 32-bit cikin kwamfutocin, Ubuntu ta daɗe da barinsu, Debian 13 ma ba ta girkuwa a kansu. Debian 12 ce mafakarsu, zuwa tsakiyar 2028.

Ko alkawarin ma a riƙa sa masa ido. An sanar cewa kulawar CentOS 8, wata Linux, za ta kai 2029, sai a Disamba 2020 kamfanin Red Hat da ke bayanta ya ce ƙarshen 2021 za a rufe ta. Mutane sun gina ofisoshi a kan wancan kwanan. Shi ya sa nake ba Debian girmanta: babu wani kamfani guda da zai tashi da safe ya canja mata hanya saboda kasuwa.

Da ni ne a ɗakinka, Malam, Mint Xfce ko Xubuntu LTS zan zuba wa na ɗalibai, duka siga ɗaya, daga kile (USB) ɗaya, don kada a sauke giga-giga sau goma sha biyu. Wadda ke ajiye rajista da takardun makaranta kuwa Debian. In sabuwar LTS ta fito kada ka yi gaggawa: Ubuntu da kanta ba ta yi wa masu tsohuwar LTS tayin hawa sai gyararriyar farko ta fito, kamar 24.04.1 da ta zo a Agusta 2024. Ka jira ta, ka gwada a kwamfuta guda, sauran kuma a bari sai hutun lekol.

A kan masu Xubuntu, buɗe fayil ɗin /etc/update-manager/release-upgrades ka tabbata an rubuta Prompt=lts, don kada wani yaro ya ga saƙo ya danna, ya mayar da ita layin wata tara. Sannan ka rubuta watan ƙarewar kulawa a ƴar takarda ka manna a jikin kowace kwamfuta. In rezo ya hana ka saukewa a can, yi mini magana in zuba maka su a kile in ba mota daga Yamai.