Kuɗin rashin aiki a Amurka: shafin jiharmu na da sauri, bayani ne babu

Cike takardar neman kuɗin rashin aiki a shafin intanet na jiharmu bai ba ni wahala ba, a wayata ma na gama. Lambar Social Security (lambar shaida da gwamnatin Amurka ke ba mutum don aiki da haraji), wuraren da na yi aiki, ranar da kamfanin ajiye kaya ya sallame mu, asusun banki, shi ke nan. A nan kam sun ci yabo.

Inda suka gaza shi ne ba sa gaya wa mutum tun farko ko ya cancanta. Tambayar "me ya raba ka da aiki?" tana nan a tsakiyar shafi kamar ba komai ba, alhali ita ce wuƙa da nama. Wanda aka rage saboda aiki ya ja baya, kamar ni, yana ciki. Wanda ya ajiye aiki don kansa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ko aka kore shi kan laifi, da wuya ya samu, kuma sai sun tuntuɓi kamfanin sun ji ta bakinsa.

Lissafin albashin da suke dubawa don tantance ko ka cancanta ma a ɓoye yake. Yawancin jihohi suna raba shekara zuwa zango na wata uku-uku, su ɗauki biyar na ƙarshe da suka cika, su duba huɗun farko. Wato albashinka na baya-bayan nan yana iya faɗuwa waje. Sai da na jira a layin wayarsu har kunnena ya yi zafi kafin wata ma'aikaciya, Allah ya saka mata, ta warware mini wannan. Ita ce kuma ta ce masu tuƙi da ake biya da takardar 1099, wato takardar harajin masu aikin kansu da ba ma'aikatan kamfani ba, galibi ba sa ciki, kuma baƙo dole ya kasance da izinin aiki.

Bayan an amince, kowane mako sai ka shiga ka tabbatar kana da lafiyar yin aiki, kana nema, ka faɗi ko dala nawa ka samu a gefe. Wannan ɓangaren yana tafiya sumul. Makon farko dai ba a biya ni ba, haka dokar jiharmu take, kuma iyakar biyan mako 26 ne kamar a yawancin jihohi.

Na ba su uku cikin biyar. In za ka cike, ka zaɓi a cire maka kashi 10 na harajin tarayya tun daga tushe, domin kuɗin nan ma ana biyan haraji a kansu.