Hayar keke zuwa lambun Keukenhof: wanda zai je ya tambayi birki

A watan Afrilu, lokacin da zafin Damagaram ke hana mutum barci a ɗaki, ni ina Holan sanye da rigar sanyi biyu. Ɗan ƙanwata da ke karatu a Leiden ne ya gayyace ni hutu. Ya ce, "Kawu, akwai bas zuwa Keukenhof, babban lambun furannin nan, amma da keke ya fi." Na ce ni da na yi shekaru ina taka keke daga Zinder zuwa Mirriya, wannan ai wasa ne. Nisan ma kusan ɗaya.

Shagon hayar yana kusa da tashar jirgin ƙasa. Gaskiya kekunansu masu kyau ne, taya cike da iska, sarƙa ba ta kuka, ga makulli manne da ƙafar baya. Kuɗin wuni ya kama wajen jaka goma na sefa, ban da ajiya, wadda suka maido mini cif da yamma. Laifinsu ɗaya, kuma ba ƙarami ba: yaron shagon ya miƙo mini keke bai ce uffan ba game da birki. A mararrabar farko na matsa hannu, sai na damƙi iska. Ashe irin kekunan nan da ƙafa ake tsayar da su, a maida feda baya. Da takalmi na ja birki, wata tsohuwa ta wuce ni tana kaɗa ƙararrawa. "Kawu, yi haƙuri, na manta ban gaya maka ba," in ji yaron nawa, yana ɓoye dariya. A shagon suna da masu birkin hannu, sai dai in ka tambaya.

Hanyar kuwa sai hamdala. Keke da titinsa daban, galibi ja, ba kabu-kabu, ba rairayi. Ƙasar shimfiɗe take kamar tabarma, amma iskar teku tana tura ƙirji kamar kana hawan duwatsun Birni. Kafin garin Lisse gonakin suka fara: kunya-kunya na ja, rawaya, fari, kamar an shanya turamen atamfa. Na tsaya bakin wata gona inda injin ke sare kawunan furannin tulip. Raina ya ɓaci, sai aka bayyana mini cewa ba furen manomin ke nema ba, saiwar ce, mai kama da albasa. In an cire furen sai ta yi ƙiba. Ba a shiga gonakin, akwai alluna.

Shi lambun ba a shiga da keke, a ƙofa ake ajiyewa. Tun 1950 ake buɗe shi, hekta 32 ne, ana dasa saiwa wajen miliyan 7 kowace shekara don mako takwas kacal, daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu. Yana da kyau, amma cunkoson ya tuna mini kasuwar Dole ranar Alhamis. Na fi jin daɗin gonakin waje, waɗanda mai bas ta taga kawai yake gani.

Shagon zan sake komawa, amma sai na ga birkin da idona. Saiwar kuwa na sayo guda goma. Uwargida ta gan su cikin jaka, saura kaɗan ta yanka su a miya.