Wata takwas ina zane da Processing: abin da na gani

Sana'ata zanen kwamfuta ce a Zariya: katin biki, kalanda, allon shago, wani lokaci tambarin ƙananan 'yan kasuwa. Ban taɓa karanta ilimin kwamfuta a makaranta ba. Abin da ya kai ni ga Processing wani aiki ne da mai shagon huluna ya kawo min. Zanen hula ɗaya yake so, amma a fitar masa da shi iri talatin, kowanne da ɗan bambanci a girman gidaje da launin zare, don ya zaɓa kafin ya miƙa wa masu ɗinki. Kwana biyu na yi ina kwafa ina mannawa da hannu, na gama bakwai kacal. A nan wani abokina da ke koyarwa a kwalejin fasaha ya ce min, "Malam, wannan ai aikin lissafi ne kake yi da ƙarfin tuwo," ya ɗora min manhajar a kwamfutata.

Processing harshe ne na ba kwamfuta umarni, haɗe da ɗan shafin da ake rubuta umarnin a ciki. Kyauta ne, kuma lambobin da aka gina shi da su a buɗe suke ga kowa. Mutum biyu suka fara shi a 2001, Casey Reas da Ben Fry, lokacin suna sashen Media Lab na jami'ar MIT a Amurka, a ƙarƙashin John Maeda. Shi Maeda ya riga ya yi wani ƙaramin harshe mai suna Design By Numbers don koya wa masu zane shirya manhaja, amma filinsa ƙanƙani ne kuma babu launi sai toka-toka. Ɗalibansa suka ɗauki tunanin suka faɗaɗa shi, suka gina nasu a kan harshen Java.

Ranar farko da na buɗe shi, abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne ƙarancin kaya. Farin shafi, maɓallin kunnawa, maɓallin tsayarwa, shi ke nan kusan. Na rubuta layi ɗaya na zana da'ira, na danna, sai ga ɗan akwati mai ruwan toka ya fito da da'irata a ciki. Ba a nemi in buɗe asusu ba, ba a tambaye ni sunan aiki ba, ba a sa ni na rubuta dogayen sharuɗɗan da Java ke buƙata kafin ta yarda ta nuna maka ko ɗigo ba. Daga baya na gane da gangan aka ɓoye su. Manhajar ce ke cike maka su a bayan fage.

Amma abin da ya fi zauna min a rai shi ne sunan da suka ba abin da kake rubutawa. Suna kiransa sketch, wato zanen gwaji, irin wanda mai zane ke ja da fensir a gefen takarda kafin ya san inda hannunsa zai kai shi. Babban fayil ɗin da ake tara su kuwa littafin zanen gwaji ne. Da farko na ɗauka kwalliyar suna ce kawai. Sai da na yi makonni na ga cewa duk tsarin a kan wannan kalma ya tsaya. Wanda ke shirya manhajar banki dole ya tsara komai kafin ya fara, don kuskure ɗaya asara ce. Mai zane ba haka yake aiki ba. Yana ja, ya duba, ya goge, ya sake ja. Processing ya ɗauka cewa kai ma haka za ka yi da umarnin kwamfuta: canza lamba ɗaya, danna, kalli abin da ya fito, in bai yi ba ka canza. Yanzu a littafina akwai gwaje-gwaje sama da ɗari, yawancinsu ba su wuce layi ashirin ba, kuma da yawa ba su zama komai ba. Ba na jin na ɓata lokaci a kansu, don a cikinsu na koya.

Ginshiƙinsa biyu ne. Akwai setup, inda kake faɗin abin da za a yi sau ɗaya a farko, kamar girman fili. Akwai draw, wanda kwamfuta ke maimaitawa sau 60 a daƙiƙa in ba ka ce a rage ba. Da waɗannan biyu, da umarnin maimaitawa, na gama aikin hular nan a yammaci guda. Na rubuta yadda gida ɗaya yake, na ce a jera shi sau kaza a tsaye sau kaza a kwance, na bar girma da launi su zama lambobin da nake juyawa. Sannan na fitar da su a PDF, abin da ke zuwa a cikin manhajar, na kai wurin buga takardu.

Kawuna tsohon mai zanen riga ne, irin waɗanda ke fitar da aska takwas da tambari a kan yadi kafin mai ɗinki ya sa allura. Na nuna masa dagi da na zana da umarni, na canza lamba ɗaya, madaukansa suka ƙaru a gabansa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, wannan ai ƙidaya ce. Mu ma ƙirga muke yi, a ka muke ajiye ta." Ya kuma nuna min inda zaren ya kamata ya bi ta ƙarƙashi amma nawa ya bi ta sama. Na gyara a daren. Tun daga ranar na daina kallon rubuta umarni a matsayin baƙon ilimi. Ƙa'idar maimaitawa da daidaita gefe da gefe tana cikin ɗinkinmu da zanen bangon gidajenmu tun kafin a haife ni.

Batun buɗaɗɗen tushe kuwa, wato barin lambobin da aka gina manhaja da su a buɗe ga kowa, da ina jinsa kamar maganar masana ce kawai. Amfaninsa ya bayyana min ne a misalan da ke zuwa cikin manhajar. Kowanne za ka buɗe, ka karanta, ka lalata, ka mayar naka. Haka na koyi juya siffa da sarrafa launi. Kuma saboda a buɗe yake, ya haifi 'ya'ya. Hernando Barragán, ɗan ƙasar Kolombiya, ya gina Wiring, tsarin ba ƙananan na'urorin lantarki umarni, a kan Processing a makarantar zane ta Ivrea a Italiya, daga Wiring kuma Arduino, ɗan allon lantarki da ake rubuta wa umarni, ya fito a 2005. Ɗalibanmu na kwalejojin fasaha da ke haɗa Arduino don aikin kammala karatu, har yau sketch suke kiran abin da suke rubutawa, kuma da setup suke farawa. Sai p5.js, wanda Lauren McCarthy ta jagoranta, ya kai wannan tunani cikin burauza da harshen JavaScript. Tun 2012 akwai gidauniyar da ba ta neman riba da ke kula da ayyukan. Wannan ya kwantar min da hankali, don na san ba za a wayi gari a ce sai na biya kuɗin wata-wata da dala kafin in buɗe aikina ba.

Akwai wuraren da na sha wuya, kuma ya kamata mai shirin farawa ya sani. Sauƙin da ake magana yana ƙarewa ranar da ka yi kuskure mai zurfi. A nan Java ke leƙo kai, ta jefo maka jan rubutu da Turancin masana. Wani saƙon kuskure mai suna NullPointerException ya cinye min dare biyu kafin na fahimci cewa hoton da na ce a nuna ne ban ɗora shi daidai ba. Na biyu, ƙidayar fili daga kusurwar sama ta hagu take farawa, kuma lamba tana ƙaruwa ne in ka yi ƙasa, saɓanin abin da aka koya mana a sakandare. Kusurwar juya siffa ma ba da digiri ake ba da ita ba, sai ka mayar da ita wani ma'auni daban. Na uku, saukar da shi yana cin data, don yana zuwa da Java a cikinsa. Gara ka karɓa a filas daga wanda ya riga ya sauke, lasisinsa ya halatta haka. Kuma aikin kwamfuta ne. Mai waya kaɗai zai iya gwada p5.js a burauza, shi ma rubuta umarni a ƙaramin allo akwai takura.

Abin da ya fi damuna shi ne harshe. Manufar masu shi ita ce a buɗe ƙofar shirya manhaja ga waɗanda aka saba bari a waje, kuma na yarda da gaske suke. Amma darussan da na dogara da su, har da bidiyoyin Daniel Shiffman a YouTube waɗanda suka taimake ni ƙwarai, duk da Turanci suke. Yaron shagona yana da ido fiye da nawa, amma Turancinsa bai kai ba. Na fara rubuta masa bayanin umarni goma sha biyu na farko da Hausa a littafin makaranta, kowanne da zanen abin da yake fitarwa. Makon jiya ya jera da'irori ashirin da kansa, ya sa kowace ta fi ta bayanta girma. Yanzu yana tambayata yadda zai sa su juya, kuma shafin da zan rubuta masa ke nan a daren yau.