Kafen da nake rajistar kwasa-kwasai a bakin ƙofar jami'armu

Duk ɗalibar da ta tambaye ni inda za ta yi rajistar kwasa-kwasanta, wuri ɗaya nake tura ta: wani ɗan kafe da ke jerin shagunan bakin ƙofar jami'armu, tsakanin mai fotokwafi da mai suyar awara. Kwamfuta uku ce a ciki, sai firinta da benci ɗaya. Ni da takardar NCE na shigo, aka sa ni aji biyu kai tsaye. Ina koyarwa a Islamiyya daga ƙarfe huɗu na yamma, ga yara a gida, don haka rajista a wurina ba danna maɓalli ba ce kawai, ita ce ke tsara min yadda makona zai kasance har ƙarshen zango.

Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne sha'anin kuɗi. Tun da aka tilasta asusun bai-ɗaya na TSA a 2015, jami'o'in tarayya ta Remita, kafar biyan kuɗin gwamnati ta intanet, suke karɓar kuɗi. Mai shagon zai cire miki lambar biyan kuɗi ta RRR mai lambobi 12, ya buga takardar, ya ce ki duba sunanki da lambar ɗalibtarki da adadin kuɗin. Daga nan sai ki je banki ko ki biya da katinki. Da na miƙa masa kuɗin don ya biya min, sai ya ce: "Hajiya, kuɗin makaranta ba ya shiga hannuna. Ki biya da kanki, ki kawo rasit." Haka ma kalmar sirri, ke za ki shigar da hannunki, shi kuwa ya kau da kai. Wanda ya san yadda ɗalibai ke barin bayanansu a shaguna, a wayi gari an taɓa musu shafi, zai san darajar wannan.

Wajen zaɓen kwas ne na fi jin daɗinsa. Kafin ya buɗe fotal, wato shafin rajista na jami'a, tambayarsa ta farko ita ce: "Kin je wurin kodineta?" Kodineta shi ne malamin da ke kula da rajistar ajinku. In babu jerin kwasa-kwasai daga sashe a hannunki, zai ce ki koma ki karɓo. Na ga wani saurayi ya zo da fom ɗin yayansa wai a kwafe masa, Malam mai shagon ya ƙi. Kuma yana da gaskiya, domin tun da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhajar karatu ta CCMAS a watan Disamba na 2022, lambobin kwasa-kwasai da yawa sun canza, wasu an haɗe su, wasu yunit ɗinsu ya ragu. Fom ɗin wanda ya riga ka shiga da shekara biyu ko uku zai iya kai ka ga kwas ɗin da ba naka ba. In kin kawo jerin, sai ya juyo da allon kwamfutar gabanki, yana karanta lamba da suna da yunit, kina bi da biro. Ya san ƙa'idar yunit 15 zuwa 24 a zango, yana tarawa a ƙaramar kalkuleta tun kafin fotal ya ƙi karɓa. Mai keri-oba kuma, wato wadda za ta maimaita kwas, sai ya sa ta fara shigar da wanda ta faɗi, sannan a ga gurbin da ya rage wa sababbi. Ba ya ɗaga murya a kan wannan, a hankali yake tambaya, don kada na bayanki su ji.

Amma akwai inda iyakarsa take, kuma gara a sani tun da wuri. Fotal ba ruwansa da karon lakca. Zai karɓi kwas biyu da ake yi rana ɗaya, sa'a ɗaya, kuma mai shagon ba shi da jadawalin kowane sashe. A sashenmu mu 'yan DE, wato masu shiga aji biyu kai tsaye, sai mun ɗauki kwasa-kwasan gama-gari na GST 111 da GST 112 tare da 'yan aji ɗaya, ga namu na aji biyu. Sai na ja layi a takarda daga Litinin zuwa Juma'a, na fara cike na dole, sannan na dubi na zaɓi. Ɗaya ya faɗo ranar Talata daga huɗu zuwa shida, daidai lokacin Islamiyya. Ɗayan ya hau kan GST. Na ukun ne ya zauna, ranar Alhamis da safe, duk da ba shi na fi so ba. Tunda sai mutum ya halarci kashi 75 cikin ɗari na lakcoci kafin ya cancanci jarabawa, ban ga amfanin ɗaukar kwas ɗin da ba zan iya zama a ajinsa ba. Abin da Malam ya yi min a nan shi ne ya ajiye zaɓina bai tura ba, na tafi na dubo allon sanarwa, na dawo washegari muka ƙarasa, bai ƙara min ko kwabo ba. Da zai riƙa liƙa jadawalin manyan sassa a bango, da ya gama taimakon ɗalibai.

Abubuwan da ba su yi min ba su ma suna nan. Wurin ya yi ƙunci, in maza suka cika bencin sai mata mu tsaya a waje cikin rana, har da masu goyo. Yaron shagon yakan shigo da abokansa gaba in maigidan ya tafi sallah, na kuma gaya wa Malam hakan a fuskarsa. In aka ɗauke wuta aka tada janareto, kuɗin bugawa yana ƙaruwa, wani lokacin tawadar ta yi dishi-dishi har sai an sake bugawa kafin a kai sa hannu.

Naira 1,500 na biya, har da kwafi huɗu na fom ɗin: na kodineta, na sashe, na tsangaya da nawa. Mai kwamfuta da data a gida, wadda ta saba da fotal, za ta iya yin abinta ta zo bugawa kawai. Sabuwar ɗaliba kuwa, ko mai keri-oba, ta zo nan da jerinta da jadawalinta a hannu, a makon farko, kafin ƙarfe tara na safe. A makon ƙarshe fotal yana nauyi, layi har bakin titi. In kuma sashe ya sauya jadawali bayan an fara lakca, a nan ake cire kwas a sa wani, naira 500 yake karɓa, amma sai kin nuna masa fom ɗin da kodineta ya sa wa hannu.