Shagon ɗab'i a Garwa da rubutun salati

Akwai wani shagon ɗab'i kusa da babbar kasuwar Garwa, a ƙasar Kamaru, da ke buga katin walima da littattafan Islamiyya. Aikinsu da tsabta, kuma mai buga rubutun ya san gurbin kowace addu'a. "Sallallahu alaihi wa sallam", wato tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ga Manzon Allah. "Alaihis salam", addu'ar aminci, ga sauran annabawa da mala'iku irin su Jibrilu. Nana Maryamu kuwa "alaihas salam" yake sa mata, inda da yawa kan yi tuntuɓe.

Matsalarsu alamar ﷺ ce, wato salatin a dunƙule. Haruffan kwamfutarsu ba su ɗauke da ita, sai ta fito ɗan akwati fanko. Don haka ku kai aikin a PDF, wato nau'in fayil da ke riƙe rubutu yadda aka tsara shi, ku nemi gwajin shafi ɗaya kafin a buga sauran.